Hoton Cikin Rufewar Kawu

Ƙanena ne ya fara. In ana rabon laifi zan so a ɗiba masa nasa ko da cikin cokali ne, amma na san ba wanda zai ɗiba masa.

Shekararsa biyu da tafiya ƙasar Ayilan, can Turai, aikin jinya sai ya tsiri yawon ƙauyuka duk ranar da ba ya asibiti, yana ɗaukar hoto yana zubo mana a guruf ɗin dangi na waya. Tudu kore shar. Katangar duwatsu da aka jera ba siminti, ta ratsa gona ta haura tudu ta ɓace. Tumaki kamar an hura su, ƙaramin gida fari mai rufin ciyawa, hanya siririya da ruwa ya wanke. Ba mutum ko ɗaya a ciki. Dangi su yi ta zuba masha Allah. Innarmu, da idonta ya fara rauni, sai ta sa a kawo mata wayar dab da hanci, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Wanga haki duka babu mai shi?"

Ni kuwa ina Tambuwal. Ni ne babba, ni ke kai Inna asibiti a bayan babur, ni ke hawa in toshe mata yoyon kwano kafin damina, kuma ban taɓa jin an ce masha Allah a kaina ba. Na ji haushi. Ba sai na yi wa abin ado ba, hassada ce tsagwaronta. Wata rana na kasa daurewa na rubuta a guruf cewa ciyawa dai ciyawa ce, mu ma muna da ita. Maimakon ya ji zafi, yaron nan sai ya aiko mini da kyamara ta hannun wani abokinsa da ya zo hutu Sakkwato. Wannan alherin ya fi zagi yi mini ciwo.

Ya biyo da karatu ta waya, ni da na koya masa hawan keke. "Yaya, da sassafe aka ɗauka, ko la'asar sakaliya. Ka kauce ma wayar wuta da leda. Kuma kada ka bar mutum ciki, mutum shi ka ɓata wuri."

Na yi wata guda ina zagaya Tambuwal bayan tashi daga ofis. Duk inda na juya kwano ne, ko leda maƙale a ƙaya, ko wani ya tsaya yana washe mini baki. Na ƙware da korar mutane. Na kori masu kiwo, na kori wata tsohuwa mai itace daga gindin kukar da ta fi ni sani, na ce ta matsa tana ɓata mini hoto. Duk da haka abin da na tura guruf bai motsa kowa ba. Ƙanena ya ce, cikin ladabinsa mai ban haushi, in nemi abin gado, abin da ya tsufa. Inna ce ta ce, ba tare da ta san me take buɗewa ba, "In tsoho kaka nema, ai ga rufewar babanmu can."

Rufewa rumbu ne na ƙasa, mai babban ciki, zaune a kan duwatsu, bakinta a sama, da jinkar ciyawa kife a kai don ruwa. Ta kakanmu tana ƙauyen su Inna, gaba da Kebbe in ka ɗauki hanyar Fakku. Shi ya gina ta da hannunsa tun Inna ba ta yi wayo ba, kuma babu mai girmanta a duk yankin. Da ya rasu ta koma hannun kawu, yayan Inna. Kowane rani sai ya yi mata sabon yaɓe, kowace bazara ya sake mata jinka. Sunan kawu a wajen mutane rufewar nan ce. Ana cewa ba a taɓa ganin gindinta ba, sabon hatsi kan tarar da tsoho. Wanda irinsa ya ƙare lokacin shuka wajen kawu yake zuwa, wadda ta haihu cikin damina gidan kawu ake aikawa. Ba shi da sarauta, ba shi da karatu mai zurfi, amma in ya iso majalisa ana matsa masa a tsakiyar tabarma.

A can ba a leƙa rufewar mutum. Maigida kaɗai ke hawa, ko matarsa ba ta san abin da ke ciki ba, balle baƙo. Kullum da safe zai jingina tsani, ya ɗaga jinka, ya shiga, ya fito da damin hatsi ya miƙa cikin gida a sussuka. Na san wannan tun ina yaro. Ina faɗa ne don kada wani ya yi mini uzurin rashin sani.

Akwai kuma abu ɗaya. Sunan kakan nan aka sa mini. Saboda haka kawu bai taɓa kiran sunana ba, ba zai iya ɗora sunan mahaifinsa a harshe ba. Babana yake ce mini. Tun ina yaro bai taɓa ɗaga mini murya ba, in ’ya’yansa sun yi ɓarna tare da ni su ke shan bulala, ni a ba ni gyaɗa. Duk abin da na nuna da yatsa a gidan ya zama nawa.

Na jira sai da damina ta zauna sosai, don kore nake nema, irin wanda zai rufe bakin Ayilan. Na hau babur bayan azahar. Daga Kebbe hanyar ta zama abin da ta saba zama, taɓo da kwazazzabai, sau biyu ina sauka ina turawa. Amma me za ka gani! Gero ya fi mutum tsawo, bai dai nuna ba, fadama ta cika, farin balbela bisa shanu. Na yi ta tsayawa ina ɗauka, zuciyata fes. Ban tuna ba, ko na ƙi tunawa, cewa lokacin da gona ta fi kyan gani shi ne lokacin da tukunya ta fi wahala.

Kawu ya tarbe ni a ƙofar gida, ya riƙe hannuna biyu. "Babana yaz zo! Maraba da Babana." Ya rame, amma na ce tsufa ne. Aka yanka mini kaza. Tuwon da aka kawo na masara ne, irin garin da ake awo a kasuwa, a gidan da ban taɓa cin wani abu ba sai na hatsi, wato gero. Na ga matar kawu da jikokinta suna tsinkar tafasa cike da ƙwarya. Tun da na iso har aka yi magariba ban ji ƙarar turmi ba. Duk na gani, ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Hankalina dai yana kan inda rana za ta ɓullo.

Da gari ya waye na fita. Rufewar tana tsaye a gefen gida, wajen da duk mai wucewa gona zai gan ta, ja jawur, ruwan jiya ya wanke ta, gero kore a bayanta. Sai ga kawu da tsani a kafaɗa. Ya hau, ya ture jinka gefe, ya shige, can ya fito da dami a ka. Masu wucewa suna gaishe shi yana amsawa daga sama. A nan na karya dokar ƙanena, don hoton ya yi kyau da mutum a ciki. Na ce ya koma ya sake fitowa, hasken bai daidaita ba. Ya koma. Na ce ya sake. Dattijo mai shekara saba’in da wani abu, sau uku yana hawa da sauka da dami a ka saboda ni, yana haki yana murmushi.

Sai na ce ina so in hau in ɗauko gonakin daga sama.

Ya ce tsanin ya tsufa. Na ce ai ya ɗauke shi. Ya ce ga tudu can bayan gari, ya fi nan tsawo. Na ce ni nan nake so. Ya dubi ƙasa ya ce, "Babana, ka san ba a hawa."

Na yi dariya na ce, "Kawu, ashe yau za ka hana ma babanka hawa rufewa tai?"

Na san abin da na yi. Na ɗauki abin da ya fi girmamawa a duniya na mayar da shi sanda na buge shi da shi. Ya saki tsanin ya ja da baya.

Da na kai sama ban ko kalli gonakin ba. Na leƙa ciki. Babu komai. Ba wai hatsi ya yi ƙasa ba, babu ko zangarniya ɗaya. An share gindin tas, har ana ganin sawun tsintsiya, ita ma tsintsiyar ga ta jingine. Damin da ya fito da shi shi ke nan abin da ke ciki. Kuma, Allah ya gani, ban taɓa ganin abu mai kyau kamar cikin rufewar nan ba. Rana ta shigo ta baki ta kwanta a bangon, ana ganin layin yatsun kakanmu zagaye zagaye tun daga ƙasa har sama, yadda ya shafa yumɓun yana ɗanye. Sai hannuna ya ɗaga kyamara. Na ɗauka sau shida. Ƙarar tana fita, kawu yana ƙasa yana ji.

Da na sauko ya hau ya mayar da jinkar, ya ɗauki damin, ya ce in biyo shi. A zaure ya gaya mini, muryarsa ƙasa. Damina biyu ba a noma gonakin daji ba, kowa ya san dalili, ba sai an faɗa ba. Ta bakin gari kuma tsuntsu ya cinye bara. Mutane ba su daina zuwa neman iri ba, shi kuma bai iya cewa babu ba, har ya ga gindin da ubansa bai taɓa gani ba. Shanu biyun da suka rage ya sayar da ɗaya suna awo a Kebbe, ba a kasuwar kusa ba. Damin nan guda, da safe ya fito da shi a gaban jama’a, in rana ta take kowa yana gona ya mayar. Wata uku ke nan yana haka.

"Kaka ta kusa," ya ce. "Kwana arba’in nika roƙon Allah. In sabo ya shiga, babu mai sanin an yi haka." Ya dafa gwiwata. "Abin da kag gani, ka gani. Ciki ba don tuwo ɗai anka yi shi ba, Babana."

Na ce, "Kawu, daga ni sai kai." Har ƙwalla na yi. Ba ta ƙarya ba ce, a lokacin.

Kwana biyar na riƙe. Na tura hoton gero da balbela, na tura rufewar daga waje, aka yaba daidai gwargwado. Kullum in na dawo ofis sai in buɗe na cikin in yi ta kallo ni kaɗai, kamar mai kuɗin da aka hana shi kashewa. A rana ta shida ƙanena ya turo sabo: kangon gidan dutse a bakin teku, ba rufi, ciyawa ta fito ta taga. Ya rubuta cewa irin waɗannan kangaye suna da yawa a can, wasunsu na mutanen da yunwa ta kora ne tun zamanin da, yanzu baƙi ke zuwa ɗaukar hoto. Guruf ya ɗauka. Wani ɗan baffanmu har ya ce a dangin nan dai mutum ɗaya Allah ya ba ido.

Ina zaune a ofis na karanta wannan. Na ce wa kaina ai bango ne kawai da haske, wa zai gane? Na ce ai ba zan rubuta komai ba. Sannan na rubuta, don in ba a san mene ne ba ba za a san wahalar da na sha ba: cikin rufewar kakanmu. Na tura.

Ƙanena ya kira ni nan take, abin da bai cika yi ba. "Yaya, wanga hoto ya fi duk nawa. Wallahi ya fi." Na ji daɗin da ban taɓa ji ba tun da ya tafi. Daɗin ya kai kamar awa guda. Sai wata gwaggonmu da ke aure a Sakkwato ta rubuta kalma biyu: "Ina hatsin?"

Na goge hoton, amma magana zarar bunu ce. Kafin la’asar ya shiga wayoyin da ban san adadinsu ba. Ranar kasuwar Kebbe wani ɗan uwanmu mai sayar da taki ya riƙa nuna wa mutanen ƙauyen, wai don tausayi. Su kuma suka tuna damin safe, suka haɗa biyu da biyu. Kafin mako ya zagayo yara sun sa wa kawu suna, Mai Dami Guda.

Dangi kuwa suka tashi da taimako, irin taimakon da ya fi duka. Aka haɗa buhunan hatsi da shinkafa, aka ɗauki mota a-kori-kura, aka kai da rana tsaka, aka sauke a ƙofar gidan gaban duk wanda ke da ido. Wanda ya raka kayan ya tsayar da kawu kusa da buhunan ya ɗauki hoto, don waɗanda suka ba da gudummawa su ga ya isa. Na ga hoton. Kawu yana tsaye hannuwansa a baya, yana kallon wani wuri gefen mai ɗauka. A ƙarƙashi dangi suka yi ta rubuta Allah ya saka da alheri, wasu har da gode mini, wai ba don ni ba da ba a sani ba.

Mutanen gari ma ba su bar shi ba. Waɗanda ya taɓa ba iri suka riƙa zuwa da ɗan abin da suka samu, wannan rabin ƙwarya, wancan ƙulli a gefen zane, suna ajiyewa a zaure suna cewa ya yi haƙuri ba su sani ba. Mutumin da shekara arba’in ana zuwa ƙofarsa da ƙwarya wofi, yanzu ana zuwa da ita cike. Ya daina fita majalisa. Sallah ma sai ya bari an tayar ya shiga sahun baya, a yi sallama ya fice.

Inna ba ta cikin guruf, amma labari ya same ta. Na shiga gaishe ta da safe ta ƙi amsawa. Da na tsuguna ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Sunan ubana anka ba ka. Da na san abin da za ka yi da shi, da na bari an sa maka na kowa." Ta ce in tashi in tafi in ba yayanta haƙuri, kada in sake shigo mata sai na je.

Ban tafi nan da nan ba. Na ce aiki, na ce hanya ta lalace, na ce babur yana wajen gyara. Tsoro ne. Mako uku na ɗauka, kuma a cikin makonnin nan ruwa bai huta ba, irin malkar da ke kwana ta wuni. Sai daga baya na ji abin da kawu ya yi washegarin ranar da aka kawo buhuna. Bai fasa rufewar ba, bai ɗaga mata gatari ba. Ya jingina tsani da safe kamar kullum, ya hau, ya ɗaga jinkar, ya jefo ta ƙasa, ya sauko ya shige gida. Matarsa ta roƙe shi, ’ya’yansa suka ce za su mayar, ya ce duk wanda ya taɓa ta bai yafe ba. Abin da ba shi da asiri, in ji shi, ba ya bukatar rufi. Ya bar wa ruwa sauran aikin.

Ranar da na je an yi ruwa da safe ya ɗauke, na isa da la’asar. Kyamarar tana cikin jaka. Na sha gaya wa mutane cewa mantawa na yi ban cire ta ba. Ban manta ba.

Rufewar ta zube ta gefe ɗaya. Rabin bangon yana tsaye, baki a buɗe, yatsun kakanmu a fili kowa na gani, jan yumɓu ya narke ya gangara tsakanin duwatsun gindi. Ciyawa har ta fara tsirowa a ciki. A bayanta gero ya nuna, zangarniya ta sunkuya, saura kwanaki kaɗan a fara yanka. Shekarar an samu hatsi sosai. Da na yi shiru na kwana arba’in, da ya shiga ya rufe komai.

Kawu yana zaune a tabarma a gindin abin da ya rage, yana gyaran igiya. Na yi sallama, na cire takalmi, na tsuguna. Duk hanya ina shirya maganar da zan faɗa, na tsara ta tsaf. Ya ɗago ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ne da na fi so.

"Sannu da zuwa, mai hoto," ya ce.

Tun da aka haife ni ban taɓa jin ya kira ni da wani abu ba Babana ba. Na fara cewa, "Kawu, don Allah..." Ya ɗaga hannu. Ya tambayi lafiyar Inna, ya tambayi hanya, ya tambayi wajen aiki, ɗaya bayan ɗaya, yadda ake yi wa jami’in da ya zo daga ƙaramar hukuma. Ya sa aka kawo mini ruwa a kofin baƙi. Duk lokacin da na buɗe baki zan koma kan maganar sai ya sake wata gaisuwar. Har yau, shekara huɗu ke nan, in na je haka muke yi. Mai hoto nake, a gaban kowa, kuma yaran gidan ma sun ɗauka.

Ran nan dai ina tsugune a gaban kawu. Rana ta sauko ta bayan gero ta bugi jan bangon nan, ya kama kamar garwashi, koren yana kewaye da shi. Ban san idona ya tafi can ba. Shi ya gani. Ya dubi bangon, ya dubi jakata, ya ajiye igiyar.

"Ɗauka mana," ya ce. "Ai shi yak kawo ka. Bari in kauce, an ce ba ka son mutum ciki."

Ya dafa ƙasa ya miƙe da ƙyar, ya naɗe tabarmarsa, ya ja ta zuwa bakin zaure ya tsaya yana jira in gama.

Hasken yana da kyau ƙwarai. Na ɗauka.